Zomon da Zuweira ta yaga

Akwai wata baiwar Allah 'yar Ghana, Zuweira, da ke zaune a unguwar Selly Oak, Birmingham, a Ingila, wajen 2006. Mijinta Braimah ya tafi aiki Manchester, ciwon hanta ya kayar da shi, aka kwantar da shi a can.

Ana cikin wannan tashin hankali, wata safiya ta tarar an jingine hoto a ƙofarta: farin zomo a cikin watan sama, yana daka a turmi. Maƙwabciyarta Mrs Leung, wata tsohuwa 'yar China, ita ta ajiye.

Kun san mu da zargi. Zomo, sarkin wayo, kuma wai yana daka magani? Zuweira ta ce ai wannan asiri ne tsagwaronsa. Ta je ta buga wa tsohuwa ƙofa.

"Mijina na kwance rai a hannun Allah, ki kawo mini sammu?"

Ta kekketa hoton a gabanta. Tsohuwa ta tsuguna tana tsince guntayen.

Ranar Lahadi aka bugo daga asibiti: ki zo yanzu-yanzu, jiki ya rikice. Ta ruga tasha, aka ce babu jirgin ƙasa, ana gyaran layi. Duk wanda ta kira yana wurin aiki. Ta tsaya bakin titin Bristol Road tana kuka wiwi, tana "Wayyo Allah, zai tafi ban gan shi ba!"

Sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya. Mrs Leung ce.

"Shigo, 'yata."

Da suka yi nisa, tsohuwa ta buɗe baki. "A wurinmu ana cewa zomon nan maganin tsawon rai yake dakawa. Fatan lafiya ne. A kan gadon mijina na rataye shi har ya rasu. Shi ne abin da na fi ji da shi, shi ya sa na ba ki."

Kunya ta lulluɓe Zuweira.

Sun iske Braimah da sauran numfashi. Ta riƙe hannunsa, ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya maimaita, ya cika.

Da ta fito, tsohuwa na nan zaune a bakin ƙofa tana jiranta. Zuweira ta durƙusa ta kama ƙafarta.

"Mama, ki yafe mini."

Darasi: Abin da ba ka gane ba, tambaya kafin ka yi zargi. Kowace al'umma da yadda take cewa "Allah ya ba da lafiya." Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu zaman ƙasar waje.