Jatau da Furfurar Aro

Dalilin da ya sa ake samun dutse mai wuta a ciki amma da ƙanƙara a ka, irin wanda Lantana ta gani a jikin kalanda, ni kaɗai na san shi a unguwar nan. Amma da yake ba a ganin darajar masani a gidan nan, sai da kuka zaga kowa kuka rasa sannan kuka tuna da Kawu. Ba komai. Ku matso, amma kada wanda ya taka mini riga, yau ta sha guga.

A can da, duwatsu suna da majalisa, kuma ba mai hawa tabarma sai mai furfura. Furfurar tasu kuwa kashin tsuntsaye ne na shekara da shekaru, kowa ya sani, ba mai faɗa. To akwai wani dutse, Jatau, shi ne autansu, shi ne kuma ya fi kowa tsawo. Cikinsa wuta ce zalla, don haka ko ungulu ba ta sauka a kansa. Kansa baƙi ƙirin. In ya buɗe baki a taro, sai shugaban majalisa, wani tsohon dutse da ya gama zaizayewa, Baba Gambo, ya ce, "Yaro, manya na magana. Miƙo mana garwashi."

Abin ya ishi Jatau. Rannan ana ruwa sai ya ga Ƙanƙara tana faɗowa tana narkewa, baiwar Allah ko wurin ajiye tsummanta ba ta da shi. Ya ce, "Gwaggo, can ƙololuwar kaina akwai sanyi. Ki hau ki zauna, ki zama furfurata."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, na san halinka. Ran da ka yi fushi narkewa zan yi, kowa ya ga baƙin kanka."

Ya ce, "Ni da fushi? Sharri ne na maƙiya."

Washegari sai ga Jatau a majalisa, kai fari fat, har yana tari irin na manya. Baba Gambo ya ce, "Ikon Allah. Jatau, yaushe?"

"Tunanin jama'a ne, Baba. Shi ya tsufar da ni."

Dattawa suka dubi juna. Sun gane sarai, amma wa zai tono zancen asalin furfura a wannan majalisa? Aka matsa aka ba shi wuri a tabarma. Baba Gambo ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Tunda ka zama kaka, ga jikokinka nan." Ya yafito 'yan tuddai, suka yo ca.

Kun dai san tsakanin jika da kaka. Jika ya faɗi abin da ya ga dama, kaka sai dariya. Wannan ne Jatau bai lissafa ba.

Wata 'yar tudu mai bakin tsiya, Kande, ta ce, "Mijina, wa ya yi maka farar ƙasa a ka? Bai iya ba, ya bar ƙeya."

Cikin Jatau ya yi ƙugi, ƙasa ta girgiza.

Ta ce, "Af, tsoho wake ya ci. Ku ja baya."

Wuta ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya ji ruwa na bin wuyansa, Ƙanƙara ta raɗa masa, "Ɗan nan, ina zuba fa." Ya dubi tabarma, ya dubi kaskon garwashi da ke jiran ɗan aike. Ya haɗiye wutarsa, ya yaƙe haƙora ya ce, "Ja'ira, na fasa auren."

Kullum haka. Da ya gaji ya ce, "Gwaggo, ko za ki ɗan sauka ki huta?" Ta ce, "To. Ka shirya miƙa garwashi." Bai ƙara tayar da zancen ba. Maganar ma da ya sha wahala don a saurara, bai taɓa yin ta ba, don da ya buɗe baki hayaƙi ke fita. Sai ya yi gum. Dattawa suka ce ai ba a taɓa mai zurfin tunani kamarsa ba.

Shi ya sa har yau ɗin nan Jatau da zuri'arsa suke zaune da farin kai da tafasasshen ciki. Ruwan da ke gangarowa daga jikinsu, manoma na ban ruwa da shi suna cewa dattijo mai kyauta, alhali gumin haƙuri ne. In abin ya ci tura, sai ɗaya ya fashe ya yi ɓarin wuta, sannan ya zauna tsit cikin kunya yana jiran Gwaggo ta huce ta dawo.

Me kika ce, Lantana? Wai me ya sa gemuna baƙi amma wuyan rigata ke rinewa in na yi zufa? Ke, ni kawunki ne, ba kakanki ba, babu wasa tsakaninmu. Tashi ki miƙo mini garwashi.