Littafin da Aka Tokare Tebur da Shi

A wani ƙaramin asibiti akwai wata babbar nas, gwana ce wajen karɓar haihuwa, sai dai ba ta son a koya mata komai. A bayan idonta "Na-Sani" ake kiranta.

Wata rana masu bincike suka zo. Suka ce sun gwada a kan mata masu yawa: idan aka shafa ruwan khal, ruwan nan mai tsami da ake sa wa abinci, a bakin mahaifa aka jira minti ɗaya, wurin da ciwon daji ke shirin kamawa yakan yi fari, sai a magance shi tun da wuri. Suka koya wa ma'aikata, suka bar littafi mai hotuna.

Suna fita Na-Sani ta taɓe baki. "Shekara ashirin ina aikin nan, yau a ce in koma duba mata da kayan girki?" Teburinta na da gajeriyar ƙafa, sai ta cusa littafin a ƙarƙashi. "To, ga shi ya yi amfani."

Bayan shekara biyu aka kawo telar da ke ɗinka wa Na-Sani kayan aiki, ta rame ta ƙanjame. A babban asibiti aka ce ciwon dajin bakin mahaifa ne, kuma an makara. Na-Sani ta tuna sau nawa matar nan ta zauna gaban teburin nan suna hira.

Da safe ta durƙusa ta zaro littafin, ta karanta shi tsaf. Sannan ta aika a kira ƙanwarta.

"Yaya, ni fa lafiyata ƙalau. Kuma kunya nake ji."

"Kunyar wa? Haihuwarki huɗu a hannuna. Hau gadon nan!"

Ta shafa, ta jira. Fari ya fito, girmansa bai kai farce ba. Ta dubi hoton da ke littafin, ta sake dubawa. A babban asibiti likita ya ce, "Kun zo kan kari, bai zama daji ba tukuna." Aka yi wa ƙanwar magani, ranar suka dawo gida.

Yanzu duk Laraba mata na cika bencin asibitin don a yi musu gwajin. Mai shara ta ce, "Anti, in samo dutse a tokare teburin?"

"Bar shi ya yi ta rawa. Yana tuna mini."

Darasi: ilimin da aka sha wahalar bincikowa ba ya ceton kowa sai an yi aiki da shi. Kada girman kai ya hana ka karɓar sabon sani, don ba ka san ran wa ke cikinsa ba.