Gurbin Rayyis Garib

Akwai wani dattijo a garinmu Bur Sa'id na ƙasar Masar, ana ce masa Ustaz Ramzi Tadros. Makarantar mishan ɗaya muka yi, ya riga ni da aji biyu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Turanci. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo yana Kanada. Abin da ya rage masa shi ne wani ƙamus mai baƙin bango, da teburinmu a gidan shayin Bayyumi.

Kowace safiya Bayyumi kan sayi jaridar Turanci guda ɗaya saboda mu. Ba labarai muke nema ba. Shafin baya muke so, inda ake zana ƙananan gidaje farare da baƙaƙe, a ba ka ma'ana, kai kuma ka nemo kalmar da za ta cike gidajen.

Teburin yana da ƙa'ida tun muna da baƙin gashi. Da fensir ake rubutu. Kowa ya cike abin da ya sawwaƙa, ya miƙa wa na kusa da shi. Kuma ko ka san amsoshin duka, sai ka bar gurbi ɗaya saboda wanda bai iso ba.

Wanda ba ya isowa da wuri kullum shi ne Rayyis Garib, Rayyis ɗin nan laƙabin shugaban jirgin ruwa ne. A Bur Fu'ad yake zaune, tsallaken ruwa, sai ya jira jirgin fito. Bai wuce aji huɗu ba. Turancinsa a bakin matuƙan jiragen ruwa ya tsince shi, cikin shekara arba'in da ya yi yana jan manyan jirage da ƙaramin jirginsa.

Tun daga bakin ƙofa yakan ɗaga murya: "Ina gurbina, ya Ustaz? Ko ka haɗa da wakenka ka cinye?"

"Ga shi nan, ya Rayyis. Gajere na zaɓo maka, kada kanka ya yi zafi."

"Kai dai sha shayinka. Turancinka bai taɓa jiƙewa da ruwan gishiri ba."

Haka muke, har wata Talata da Garib ya sa kalmar da ba ita ba ce. Kuskurensa ya toshe gurabe huɗu. Ustaz Ramzi ya yi ta fama har azahar kafin ya gano inda ɓarnar take.

Washegari ya riga kowa zuwa, da alƙalamin tawada a aljihu. Kafin mu zauna ya cike shafin kaf.

Garib ya shigo. "Ina gurbina?"

"Babu," in ji Ramzi, ko kai bai ɗaga ba. "Wannan wasa na waɗanda suka zauna a aji ne. Kai ka tsaya ga igiyarka."

Garib ya daɗe yana kallon shafin. Ya shanye shayinsa a tsaye, ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, ya Ustaz." Ya fita. Ina zaune a wurin, ban tare shi ba, kuma har yau abin nan yana damuna.

Bai sake dawowa ba. Dokta Adli mai kantin magani, na huɗunmu a teburin, ya koma wurin 'yan wasan domino. Ni ma na fara shan shayina a gida.

Ramzi ya ci gaba da zuwa shi kaɗai. Yakan gama shafin cikin minti arba'in, ya rubuta lokacin a gefe da kyakkyawan rubutunsa, sannan ya zauna yana kallon titi. Babu wanda zai nuna wa.

"Ya Ustaz," in ji Bayyumi, "kujera huɗu nake gogewa, mutum ɗaya ke zama."

Wata bakwai a haka. Sai wata safiya Ramzi ya ci karo da gurbi mai gida bakwai: guntun ƙarfen da ake kafewa a bakin gaɓa don ɗaure igiyar jirgi. Ya cike komai, wannan ya ƙi. Ya buɗe ƙamus, amma ƙamus sai ka san kalma yake ba ka ma'anarta.

Bai san lokacin da ya ɗaga kai ya ce, "Ya Rayyis..." ba. Kujerar ce kawai a gabansa.

Ya ninke jaridar, ya nufi jirgin fito.

'Yar Garib, Nawal, ita ta buɗe masa ƙofa. Ta ce Baba ya kwana biyu a kwance, zuciya ce, ƙafafu duk sun kumbura.

Garib na ganinsa ya washe baki. "Wa nake gani haka? Ƙamus da kansa ya hau jirgi!"

Ramzi ya kasa yin sallama yadda ya kamata. Shafin kawai ya miƙa, yatsansa a kan gurbin.

Garib ya karanta a hankali, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya faɗi kalmar nan take. "Yau sau biyu ka wuce ta gefensa, da za ka hau da kuma da za ka sauka. Kusan ka yi tuntuɓe da shi."

Ramzi ya zaro alƙalami.

"A'a," in ji Garib. "A gidana da fensir ake yi. Nawal, jawo kwalin nan na ƙarƙashin gado."

Cike yake da shafukan baya na jaridar, an jera su bisa kwanan wata. Kullum Garib yana aikawa a sayo masa. A kowane shafi kalma biyu ce ko uku da fensir, sauran gidajen fari fat.

"Na cike nawa," in ji shi. "Sauran na bar wa wanda bai iso ba. Ka daɗe, ya Ustaz."

Ramzi ya cire tabarau, ya yi ta gogewa da hankici, alhali babu ƙura a jikinsa.

Kwana goma sha tara ya yi yana tsallaka ruwa kowace safiya. Shafi ashirin da uku suka gama tare. A rana ta ashirin aka kai Garib makwancinsa, Nawal ta ba Ramzi kwalin da sauran shafukan.

Yanzu mun koma teburin, mu uku. Da fensir Ramzi yake rubutu. Kowace safiya yakan ɗauko shafi ɗaya daga kwalin, mu cike, ya bar gurbi guda. Rannan Dokta Adli ya miƙa hannu zai ƙarasa.

"Bar shi, ya Dokta," in ji Ramzi. "Mai shi bai iso ba."

Darasi: Ilimin da ba ya bar wa wani gurbi, kaɗaici yake jawo wa mai shi. Kada ka raina abin da ɗan'uwanka ya sani don ba a aji ya koyo shi ba. In akwai wanda girman kanka ya kora daga teburinka, ka tsallaka ka same shi yau, tun yana nan. Ku tura wa wasu wannan labari, wataƙila akwai mai kujerar da ta daɗe babu kowa a kanta.