Allin Da Aka Zana Kafin Gwaji

Ya 'yan uwa, yau kan son yabo zan yi magana, ciwon da ke hana mutum cewa "ban gama ba".

An yi wani mutum, makanikin soja, mai gyaran motoci masu sulke a bakin daga. Ya iya aiki, wannan ba musu. Saboda saurinsa ake ce masa Nan-take, sunan kuwa ya hau masa kai.

Ƙa'idarsu ita ce, in an gyara mota sai an tuƙa ta taku ɗari, an juya dama da hagu, sannan a zana mata alli a ƙofa, alamar a hau. Taku ɗari fa, jama'a! Me ke cikin taku ɗari?

Wata rana da hantsi nakiya ta tsinke wa wata mota sarƙar da take takawa a kai. Direbanta ƙanin Nan-take ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga masu rauni huɗu suna jira a kwashe su. Nan-take ya haɗa sarƙar, amma ƙusar da ke riƙe gaɓar ta karye, sabuwa kuma tana motar kayan aiki, can bayan tudu. Sai ya tsinci guntun rodi ya buga da guduma.

Tsohon mai waldarsu ya ce, "Ɗan nan, rodin gini ne fa. Bari in ɗauko ta gaske."

Ya ce, "Baba, kafin gwiwoyin nan naka su kai bayan tudu ai an gama yaƙin."

Ya hango kwamanda yana duba agogo. Ya zaro alli ya zana.

Ƙanin ya leƙo ya ce, "Yaya, an gwada?"

"Ni kake tambaya? Ja ku tafi!"

Don Allah, wane irin taurin kai ne wannan? An faɗa maka, an sake tambayarka!

Motar ta tafi lafiya a miƙe. Tana karya kwana a fili, inda ba maɓoya, rodin ya lanƙwashe, sarƙa ta zube. Ta tsaya cak a idon abokan gaba, suka buɗe mata wuta.

Ya 'yan uwa, wanda ya sa alama kan aikin da bai gwada ba, shaidar zur ya yi, ko da alli ne.

Ku ƙirga. Biyu cikin masu raunin ba su kai asibiti ba. Ƙanin ya rasa ƙafar dama. Shi kuwa Nan-take aka cire masa igiyoyinsa uku na muƙami, aka karɓe akwatin kayan aikinsa, aka kore shi. Har yau in ya yi sallama a gida, mahaifiyarsu takan amsa ba ta ɗago kai ba.

Allah ya kiyaye mu da yabon da zai ci mu.