Amfilifayar da Ta Yi Ta Gurnani

Akwai wani mutum, dattijon ikilisiya, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, irin ta dā, mai kwalabe a ciki masu ja kamar garwashi. Da ita mahaifin ya yi shekara talatin yana wa'azi ƙauye-ƙauye. Mutumin nan yana ƙaunarta ƙwarai. Ran Asabar ya goge ta, ran Lahadi ya kai ta majami'a.

Ana nan sai ta fara gurnani ƙasa-ƙasa. Ya kai wa mai gyaran rediyo. Mai gyara ya buɗe ta, ya ce, "Baba, ka ga 'yan gwangwanayen nan? Su ne kafasita. Akwai ruwa a cikinsu, tsufa ya busar da shi. Dubi wannan, har ta kumbura. A canza su yau, tun ba su ƙona taransifoma ba, don irinta ba a samu yanzu."

Dattijon ya ɓata rai, ya ce, "Hannun mahaifina ne ya ɗaura su, ba mai cire su. Ai tana magana."

Ya ɗauki abarsa ya tafi. In gurnanin ya ƙaru, sai ya ƙara murya ya danne shi. Kunnen jama'a ya saba, shi ma hankalinsa ya kwanta, bawan Allah. Wata Lahadi ana tsakiyar karatu sai aka ji fas! Hayaƙi ya tashi, muryar ta ɗauke.

Mai gyara ya duba, ya girgiza kai. "Rannan gwangwani huɗu ne kawai, Baba. Yau taransifoma ta ƙone, ba abin da zan iya."

Dattijon ya rungume ta ya koma gida, ya zauna ya yi kuka irin wanda ya yi ranar jana'izar mahaifinsa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Amfilifayar ita ce zuciyarka. Gwangwanayen su ne tsofaffin halayen da ka saba da su, har kana cewa gado ne: riƙo, girman kai, gabar da ka tarar a gidanku. Gurnanin kuwa lamirinka ne. Ubangiji yakan aiko da mai faɗa maka gaskiya tun gyaran yana ƙarami. Abin baƙin ciki, da yawanmu ɗaga muryar waƙa muke yi don kada mu ji. In kana jin gurnanin yau, ka tuba yau. Akwai ranar da zai daina, kuma ba don ka warke ba.