Ƙwaryar da Ta Saɓa wa Iska

Dalilin da ya sa, yara, ba za ku taɓa ganin garken dinya sun duƙa kiwo gaba ɗaya ba, sai da ɗaya a gefe ta miƙe wuya kamar mai jiran baƙi, ba kowa ba ne illa Jatau masaƙi na Dagwalo. Shi da bakinsa yakan ce duk tafkin nan babu tsuntsun da bai san shi ba. Wannan kam gaskiya ne. Yadda aka yi sanin ne ba ya son a tono.

A da can dinya ba ta san tsoro ba. In sun sauka a kan bado, kowace sai ta tsoma kai a ruwa ta ɗaga gindi sama, ko tambari aka buga ba mai waiwaye.

To, Jatau ɗiyar maharbi yake aure, amma shi ko fara bai taɓa kamawa ba. Da matarsa Hajo ta haihu, maharba abokan surukinsa, Baushe Tanko, suka zo barka suka cika zaure. Ana hirar daji, Jatau na gefe ba mai kula shi, abin ya ci masa rai. Sai ya gyara murya.

"Ranar suna kada kowa ya wahalar da kibiyarsa," in ji shi. "Bayan rago, dinya bakwai zan kawo, da ransu, a yanka a nan ƙofar gida."

Maharba suka dubi juna. Baushe Tanko ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Sai da suka watse Jatau ya tuna bai san ta inda zai fara ba. Ya lallaɓa wurin wani tsohon masunci, Ilu Mai Gora, ya ce, "Kawu, wai yaya ma ake kama dinya da hannu? Na sani fa, ɗan tuni nake so."

Ilu ya ce, "Ka zuba ƙore a tafki su kwana uku suna yawo, har tsuntsaye su saba da su. Ran na huɗu ka huda ɗaya wurin idanu, ka kifa a ka, ka shiga ruwa iya wuya. In ka isa, ka jawo ƙafa ta ƙasa. Amma abin da za ka kiyaye shi ne..."

"Sauran ai a jinina yake," in ji Jatau, ya kakkaɓe riga ya tafi.

Ilu ya bi shi da kallo, ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Jatau ya zuba ƙore a tafki, ran na huɗu da hantsi ya kifa ƙwarya ya shiga. Iska na kaɗowa daga gabas, ƙoren banza duk sun nufi yamma suna rangaji. Dinya kuwa suna gabas. Jatau ya ce a ransa, ina ruwana da inda ƙore suka nufa, nama nake nema. Ya miƙe gabas, yana keta ruwa kamar kwalekwale.

Akwai wata tsohuwar dinya mai ciwon wuya, ba ta iya daɗewa a duƙe. Ta ɗago don ta huta, sai ta tsaya cak. Ta cikin huda Jatau na ganinta, yana kuma jin komai.

"Ku ɗago ku gani," in ji ta. "Tun da aka ƙyanƙyashe ni ban taɓa ganin ƙwarya ta yi jayayya da iska ba."

"Iya, tsufa ne," in ji wani saurayin dinya, bakinsa cike da bado. "Ƙwarya ai ƙwarya ce."

"To je ka gaishe ta."

Saurayin ya iyo, ya ɗare kan ƙwaryar, ya lanƙwaso wuya ya leƙa hudar. Ido ya faɗa cikin ido. Jatau, don tsabar ruɗewa, sai ya ƙifta.

"Iya," in ji saurayin a hankali, "ƙwaryar nan tana ƙifce."

Kun san dinya na da ƙaimi a fiffike. Suka taru a kansa su wajen arba'in, suka yi masa kiɗan ƙwarya irin wanda ko a gidan biki ba a taɓa ji ba. Jatau na ciki, kunnuwa na amsa amo, ya nutsa ya sha ruwa, ya taso aka ci gaba daga inda aka tsaya. Da ƙyar ya rarrafa cikin ciyawar burgu ya laɓe.

Yana nan kwance yana jin su suna gardama. Tsohuwa ta ce daga yau dole a riƙa gadi. Aka ce to ita ta yi, tun da dama wuyanta ba ya son duƙawa.

"Ni kaɗai? Cikina na dutse ne?"

Aka yi ta ja, kowa na son a tsare shi, ba mai son barin bado. Daga ƙarshe suka shirya a kan karɓa-karɓa: ɗaya ta tsaya, saura su ci, in ta gaji wata ta karɓe ta. Duk abin da ya taho yana saɓa wa iska, ko kara ne, a yi kuka a tashi.

Jatau ya sake gwadawa kwana biyu, ko kusa bai kai ba. Ga suna ya zo. Da sassafe ya zagaya bayan gidan gwaggonsa Tabawa, wadda ke kiwon wata dinya da ta rena tun tana ƙwai. Ya ce a ransa aro ne, ya sungume ta, ya tsoma ta a kududdufi don ta yi kamannin daji.

Ya iso ƙofar gida maharba na zaune, dinya a hammata, goshi duk ƙulu.

"Ina sauran shidan?" in ji wani.

"Tausayi ya kama ni, na sake su. Wannan ce sarauniyarsu. Kun ga goshina? Tun daga tsakiyar tafki muke kokawa."

Baushe Tanko ya ce, "Madalla. Ajiye ta mu gani."

Jatau ya sauke ta yana riƙe da fiffike ɗaya. Daidai nan Gwaggo Tabawa ta ɓullo da ƙwaryar gumba a ka, za ta shiga wurin mata. Dinya ta fizge, ba ta ko dubi sama ba, ta taka dagwas-dagwas ta je ta goga wuya a zanen tsohuwar.

Gwaggo ta dube ta, ta dubi lallen da ta shafa mata a ƙafar hagu, ta dubi Jatau.

"Ɗan nan," in ji ta, "ashe tafki ya iso bayan ɗakina ban sani ba? Da ka faɗa mini ai da na kwashe shanyata."

Baushe Tanko ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Sauran maharban ba su da kunyar suruki, suka yi ta birgima a kan tabarma.

Shi ya sa har yau dinya ɗaya ke tsaye a gefen garke tana duban abin da iska ba ta kawo ba. In kun je tafki kuka ga ta miƙe wuya, ku daskare a inda kuke, kada ku ji haushinta. Ba ku take nema ba, Jatau take jira.