Muryar Da Abdulrazak Ya Tono Daga Memori

Akwai wani matashi a unguwar Tudun Wada da ke Gombe, sunansa Abdulrazak. Tela ne, amma in gaskiya za a bi, ɗinkin na neman abinci ne kawai. Zuciyarsa tana wurin wata tsohuwar laftof da ya ɗaure murfinta da salatif, da wata ƙatuwar sifika da ya rataya a ƙofar shagonsa.

Abdulrazak mayen waƙa ne. Ta Hausa, ta Fulatanci, ta Tangale, ta Indiya, har wadda bai san yarenta ba, in dai ta ratsa shi sai ya adana. Kuma ba sayarwa yake yi ba. Shi dai a zo a ce, "Injiniya, don Allah tura mini ta bulutut," ya gyara zama ya ce, "Wannan kaf garin nan ba za ka same ta wurin kowa ba." Ranar da ya faɗi wannan magana, ko bai ci abincin rana ba ya ƙoshi.

Shekarun nan ne da 'yan bindiga suka addabi Borno da Yobe, mutane suna ta kwararowa Gombe da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka. Da yawa sai sun sayar da wayarsu suke samun na abinci. Kuma kafin a iso shingen sojoji, kowa yakan goge duk abin da ke cikin wayarsa, don ba wanda ya san hoton ko muryar da za ta jawo masa tambaya. Sai kasuwa ta cika da tsofaffin memorin waya, duk wayam.

To su ne wayam a wurin kowa, ban da Abdulrazak. Ya samo wata manhaja da ke dawo da abin da aka goge. Sai ya riƙa zuwa teburin Sallau mai sayar da tsofaffin wayoyi, ya kwaso memori, ya dawo shago yana tonon waƙoƙin mutanen da bai taɓa gani ba.

Yayarsa Zulaihatu ba ta son wannan abu ko kaɗan.

Ta ce, "Abdul, wanda ya goge abinsa ai ya san dalilinsa. Wannan da tonon kabari duk ɗaya ne."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Adda, ni fa hotunansu ko kallo ba na yi. Waƙa kawai nake nema. Ke dai ba ki san harkar teknoloji ba."

Wata rana Sallau ya ba shi wani memori da gefensa ya ɗan tsage, ga busasshiyar ƙasa maƙale a jikinsa. Ya ce wani ne ya tsinci wayar da yake ciki a bakin daji, ta riga ta lalace. Abdulrazak ya hure ƙasar, ya saka shi a laftof. Abu ɗaya tak manhajar ta dawo da shi, wata murya da aka naɗa da waya.

Muryar namiji ce, babu kiɗa. Yana rera wa wata yarinya mai suna Bushra waƙar lallashi, Hausa da Fulatanci a gauraye, yana ce mata ta yi shiru baba yana hanya. Muryar tana rawa. Tsakanin baiti da baiti sai ya ja numfashi mai tsawo, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. A bayansa ana jin iska tana kaɗa ganye.

Tsigar jikin Abdulrazak ta tashi. Ya ce, "Kai! Wannan ita ce waƙa."

Ga inda kuskuren yake. Masu gyaran sauti da ido suke aiki. A fuskar laftof sauti yakan fito kamar layuka masu hawa da sauka. Abdulrazak ya ga inda dogayen layukan suka ƙare, ya ga ragowar wani siririn layi ne mai tsawo kwance a ƙasa. Bai saurara ba. Ya ce shirme ne, ya datse shi kamar yadda yake datse rarar yadi.

Ya ɗora mata ganga da fiyano, ya saka muryarsa a farko yana cewa, "Injiniya Abdul, Tudun Wada!" Ya kunna a sifikar ƙofar shago.

Jama'a, waƙar nan ta tafi. Daga waya zuwa waya, ta shiga Keke Napep, ta shiga teburin masu shayi, ta shiga gidajen biki. Aka sa mata suna Mai Rawar Murya. Samari har rawa suka ƙirƙira mata: in an zo wurin da mawaƙin ke jan numfashi, sai kowa ya daskare ya dafe ƙirji, in ya ci gaba a ɓarke da shewa. Kan Abdulrazak ya kumbura, har gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Zulaihatu ce kaɗai ta hana a kunna ta a gida. Ta ce, "Ni in na ji mutumin nan sanyi nake ji a bayana. Mai jin daɗi ba ya numfashi haka."

Wata rana da la'asar, shago cike da abokansa, waƙar tana tashi, sai ga wata mata da ƙaramar yarinya. Matar ta yi sallama daga bakin ƙofa. Yarinyar kuwa ta saki hannunta, ta je ta tsaya daidai ƙarƙashin sifikar, ta ɗaga kai tana kallonta ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai ta ce, "Baba."

Kowa a shagon ya juyo ya dube ta.

Matar ta ce, "Malam, an ce kai ne Injiniya. Sunana Fanta. Tun daga unguwar Shamaki nake bin waƙar nan, wannan ya ce wancan ya tura masa, wancan ya ce wani ne, har aka nuno mini shagonka. Muryar mijina ce. Wannan ita ce Bushra."

Ta ba shi labari a tsaye. Mijinta Bamanga direba ne. Da aka fara kai hari garinsu, ya saka su a mota zuwa Gombe, wurin goggonta A'i, shi kuma ya koma ɗauko mahaifiyarsa. Tun daga ranar babu shi babu labarinsa. Wasu sun ce ta yi takaba, wasu sun ce ta jira. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, kullum kunnenta yana ƙofa.

Ta ce, "Don girman Allah, ina ka samo ta?"

Abdulrazak ya dubi abokansa. Duk sun zuba masa ido. Su fa sun san Injiniya daga duniyar intanet yake zaƙulo kayansa, ba wanda ya san a tsofaffin memorin 'yan gudun hijira yake tono. Girman kai ya riƙe masa harshe.

Ya ce, "Baiwar Allah, dawunlod na yi. Irin waɗannan a situdiyo ake yin su, galibi a Kano."

Fuskar Fanta ta yi haske lokaci ɗaya, har abin ya ba shi tsoro. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kenan yana raye! Alhamdulillahi, yana raye." Can ta ce, "To me ya hana shi nemanmu?" Sai kuma ta ba kanta amsa: "Wataƙila ya zo bai gane gidan ba. Shi ya sa ya yi waƙar, don mu ji. Zan je Kanon. Ko gida-gida ne zan bi."

Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ja yarinyar da ƙyar, don ta ƙi barin sifikar. Abdulrazak yana kallo suka tafi.

Washegari aka ji ƙarar fashewar wani abu daga can cikin gari, nan take aka sa dokar hana fita. Wanda ya zauna a Gombe a shekarun nan ya san wannan shirun. Rana tsaka, amma babu ƙarar keke, babu mai talla, babu kukan injin markaɗe. Ko awaki sun shige.

Abdulrazak yana ɗakinsa, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Idon yarinyar nan ya ƙi barinsa. Ya buɗe laftof da ɗan cajin da ya rage, ya nemo muryar ta asali, wadda bai taɓa ba. Ya kai alama kan siririn layin nan da ya datse, ya ƙure ƙara, ya saka iyafis a kunne.

Da farko iska ce da ganye. Sai numfashi. Sai muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, kamar mutumin ya kafa baki a kunnensa.

"Fanta. Sun tare mu a hanya. Harbina aka yi a ciki. Na ja jiki na shiga gonar dawa. Ƙafafuna sun yi sanyi, ba na jin su. Inna ta riga ni cikawa. Duk wanda ya tsinci wayar nan, don Allah ya kai wa Fanta a Gombe, unguwar Shamaki, gidan A'i. Kada ki jira ni. Waƙar ta Bushra ce, ki riƙa kunna mata. Ki yafe mini."

Ya yi kalmar shahada, a hankali, yana tsayawa. Ya ja numfashin nan da duk gari ya haddace. Bai sake jan wani ba.

Wayar kuwa ta ci gaba da naɗa. Iska, ganyen dawa, wani tsuntsu daga nesa. Daga baya sai ƙudaje.

Abdulrazak ya fizge iyafis ɗin. A cikin shirun nan na gari, sai ya ji daga wani gida can bayan katanga an kunna waƙar, da gangarta da fiyanonta. Aka zo wurin numfashin, ya ji yara sun yi shiru, sannan suka ɓarke da shewa. Ya fita tsakar gida da gudu ya yi ta amai.

Zulaihatu ta saurara ita ma. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Hawaye kawai ta share ta ce, "Saƙo ne aka ba ka amana, ka yanke shi ka yi ganga da sauran. Ana buɗe hanya ka tafi."

Ana sassauta dokar ya saka muryar a wayarsa ya nufi Shamaki. Goggo A'i ta ce ai Fanta ta fita tun ɗazu, ta ƙi jin maganar kowa, ta nufi tasha. A can ya same ta cikin motar Kano, Bushra a cinyarta, ƙullin kayansu a ƙafarta, ana jiran mota ta cika. Har kwalli ta saka.

Tana ganinsa ta yi murmushi ta ce, "Injiniya! Ka samo mini sunan situdiyon?"

Ya durƙusa a bakin ƙofar motar, a gaban direbobi da 'yan kamasho. Ya ce, "Yaya, ƙarya na yi miki. Ba daga intanet ba ne. A memorin wayar mijinki na tono muryar. Akwai ƙarshenta da na yanke ban saurara ba. Naki ne."

Ya miƙa mata iyafis. Ta saka. Yana kallon fuskarta har hasken nan ya gama mutuwa. Ba ta yi ihu ba. Ta saurara har wurin ƙudajen, sannan ta cire ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta sauko daga motar. Ta kai hannu ta zare 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a bakin zani, ta goge kwallin da gefen mayafi. A nan cikin tasha takabarta ta fara.

Abdulrazak yana kuka ya ce, "Ki yafe mini. Zan bi shago-shago a goge waƙar, wallahi."

Ta dube shi ta ce, "Za ka iya?"

Ya sunkuyar da kai. Shi da kansa ya san waƙar ta riga ta wuce Bauchi da Yola.

Ta ce, "Na gode da ka kawo mini saƙona. Yafiya kuwa ka ba ni lokaci, yau ba zan iya ba. Amma ka sani, yarinyar nan za ta girma tana jin fitar ran ubanta a gidan biki, ana tafa masa."

Ta goya Bushra, ta ɗauki ƙullinta, ta koma Shamaki a ƙafa.

Abdulrazak ya bi shagunan kamar yadda ya ce. Wasu suka goge suna salati, wasu suka ce shi ya sani, waƙa dai ta yi daɗi. Ya sauke sifikarsa, ya mayar wa Sallau sauran memorin. Har yau yana ɗinki a Tudun Wada, kuma shagonsa ne kaɗai a layin da ba a jin komai sai ƙarar keken ɗinki.

Darasi: Ba duk abin da hannunka ya iya buɗewa ne naka ba. Muryar mutum, hotonsa da saƙonsa amana ne, ko da a ƙasa ka tsince su. Ka saurari abu har ƙarshensa kafin ka yaɗa, domin abin da ka tura ba ya dawowa, kuma ƙaryar da ka yi don kare girmanka tana iya jefa wani a hanyar da babu kowa a ƙarshenta. Sirrin mutane a bar musu, amma wannan labarin ku tura wa duk wanda yatsansa ke saurin danna tura.